Nana Asma'u, Malamar Mata

A garin Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, aka haifi Nana Asma'u a shekarar 1793. Ubanta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, babban malamin nan da kowa ya sani. Sunan uwarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada Husaina ya kamata a sa mata, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, sahabin Annabi (S.A.W.).

Tun tana ƙarama uwarta ta rasu. Sauran matan Shehu suka riƙe ta. Gidan nan gidan karatu ne. Maza suna karatu, mata ma suna karatu. Asma'u ta fara da allo da tawada, kamar kowane yaro a makarantar allo. Ta haddace Alƙur'ani, sa'an nan ta shiga littattafan fiƙihu da hadisi da tarihi. Ta iya harsuna huɗu: Fulatanci, da Hausa, da Larabci, da harshen Buzaye.

A zamanin nan malamai da yawa sukan koyar da almajirai na waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Shehu bai yarda da haka ba. A cikin littafinsa Nurul Albab ya zargi masu yin wannan, ya nuna cewa haƙƙin mace ne a koya mata addininta. Ya kuma bar mata suna halartar wa'azinsa, ko da yake waɗansu malamai sun soke shi a kan haka.

Shekarun wahala

A shekarar 1804 Yunfa, Sarkin Gobir, ya matsa wa Shehu da jama'arsa. Suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Lokacin nan Asma'u tana da kamar shekara goma sha ɗaya. Aka ɗaure littattafai, aka aza wa dabbobi, aka kama hanya. Daga nan yaƙi ya tashi. Jama'a suka yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan. Yunwa da ciwo suka kashe mutane da yawa. Yarinyar nan ta ga duk abin da ya faru da idonta, ba ta kuwa manta ba.

A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. A 1809 yayanta Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato. Wajen wannan lokaci ne Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu, ya komo gabas. Daga sunansa aka sami sunan Adamawa. Masarautun Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo duk sun kasance ƙarƙashin Lamiɗon Yola, shi kuma yana bin Sarkin Musulmi na Sakkwato. Saboda haka tarihin Banyo da na gidan su Asma'u a haɗe suke, ko da yake tafiya ce ta makonni tsakanin garuruwan biyu.

Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Waziri. Shehu ya rasu a 1817, Bello ya gaje shi. Asma'u ta taimaka wajen tattara rubuce-rubucen ubanta don kada su ɓace. Ga hidimar gida, ga renon 'ya'ya, ga baƙi, amma ba ta ajiye alƙalami ba.

Rubuce-rubucenta

Abin da ta rubuta ya haura sittin, yawancinsu waƙoƙi. In tana son ta yi magana da manyan malamai, sai ta rubuta da Larabci. In don Fulani ne, sai ta yi da Fulatanci. In kuwa don sauran jama'a ne, sai ta yi da Hausa. Da ajami take rubuta Fulatanci da Hausa, wato da baƙaƙen Larabci.

A wata waƙa mai suna Sunago ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, don mai koyo ya riƙe su cikin sauƙi. A Waƙar Gewaye ta ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙen da aka yi. Ta yi waƙa a kan mata masu albarka, tun daga iyalin Annabi (S.A.W.) har zuwa matan zamaninta, don mata su san suna da magabata a fagen ilimi. Ta kuma mayar da waɗansu waƙoƙin Shehu zuwa Hausa. A cikinsu akwai Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai su guji zalunci.

'Yan Taru

Bayan yaƙi, mata da yawa suna zaune a ƙauyuka nesa da malamai. Waɗansu mazansu sun mutu a yaƙi. Waɗansu ma kamo su aka yi, aka raba su da danginsu. Ba su da takarda, ba su da lokacin zama gaban malami. Daka da niƙa da ɗiban ruwa da kaɗi sun cika musu yini. Asma'u ba ta iya zuwa kowane ƙauye. To, yaya ilimi zai kai gare su?

Sai ta yi dabara. Wajen shekarun 1830 ta soma zaɓen dattijan mata masu hankali da amana daga garuruwa dabam-dabam. Kowace ɗaya ana kiranta jaji, wato mai jagora. Asma'u takan ba jaji malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Duk wanda ya ga mace da wannan alama ya san malama ce, ya kuwa girmama ta a hanya.

Jaji takan tara 'yan mata da tsofaffin mata na ƙauyensu, su taho Sakkwato a ƙafa. Matan aure masu ƙananan 'ya'ya su kan zauna gida. Masu zuwa sukan kawo ɗan abin da suka samu: zuma, ko man shanu, ko hatsi, ko zare. Asma'u takan raba waɗannan kaya ga makafi da guragu da sauran mabukata. Sa'an nan a zauna karatu. Ta rera waƙa, su maimaita, har su haddace. Ta bayyana musu ma'ana. Su yi tambaya a kan salla da tsarki da aure da gado, ta ba su amsa.

Idan suka koma gida, sai su koya wa waɗanda suka bari. Mace tana daka tana rera waƙar da aka koya mata, 'yarta tana ji tana ɗauka. Waƙa ba ta bukatar takarda, kuma ba ta da nauyin ɗauka. Waɗannan mata su ake kira 'Yan Taru. Ban da koyarwa, sukan duba marasa lafiya, su taimaki masu jego, su wanke gawar mace, su sasanta masu faɗa. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, Asma'u ta yi mata waƙar ta'aziyya, kamar yadda ta yi wa Bello da ya rasu a 1837.

Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara saba'in da ɗaya. An binne ta a Hubbare, kusa da kabarin ubanta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin 'Yan Taru.

Wata mai irin halinta

A Turai ma an yi mace mai irin wannan himma. Sunanta Mary Ward, 'yar Katolika, an haife ta a Ingila a 1585. A 1609 ta tara 'yan'uwanta mata a garin Saint-Omer, wanda yanzu yake cikin Faransa, suka buɗe makarantar 'yan mata. Manyan coci na lokacin ba su yarda ba. A 1631 aka rushe ƙungiyarta, aka tsare ta a birnin Munich na Jamus. Ta rasu a 1645. Daga baya mabiyanta suka buɗe makarantu a ƙasashe da yawa. Addininsu ba ɗaya ba ne, zamaninsu ba ɗaya ba ne, amma su biyun sun yarda 'ya mace tana iya karatu. Asma'u dai ta yi sa'a, domin ubanta da yayanta da mijinta duk sun goya mata baya.

Littattafai a kanta

Iyalin Wazirin Sakkwato suka adana takardunta shekara da shekaru. Wata malama 'yar Ingila, Jean Boyd, ta yi nazarinsu da taimakon Waziri Junaidu. A 1989 ta fitar da littafin tarihin Asma'u da Turanci. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukanta a babban littafi guda, tare da fassara. A 2000 suka ƙara wani littafi a kanta. Makarantun 'yan mata da yawa a ƙasar Hausa suna ɗauke da sunanta.

Kalmomi

hijira: émigration
malfa: chapeau de paille
rawani: turban
alƙalami: plume
jahilci: ignorance
gado: héritage
haddace: apprendre par cœur

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Nana Asma'u, kuma a wace shekara?
2. Waɗanne harsuna ta iya? Don me ba ta yi rubutu da harshe ɗaya kaɗai ba?
3. Me ya haɗa tarihin Banyo da na Sakkwato?
4. Wace ce jaji? Da me ake gane ta?
5. Don me Asma'u ta zaɓi waƙa don koyar da matan ƙauye?
6. Faɗi abu ɗaya da ya haɗa Asma'u da Mary Ward, da abu ɗaya da ya raba su.

Aikin gida

Ka tambayi kakarka ko wata dattijuwa ta unguwarku wanda ya koya mata karatu. Ka rubuta amsarta cikin layi biyar da Hausa, sa'an nan ka mayar da su Faransanci.