Joseph Black, likitan da ya auna zafi

An haifi Joseph Black ranar 16 ga Afrilu 1728 a Bordo, wani birni na ƙasar Faransa. Ubansa ɗan kasuwa ne mai fataucin ruwan inabi. Da yaron ya kai shekara 12, sai aka sa shi jirgin ruwa zuwa Belfas, garin ubansa, don ya yi karatu. Daga can ya wuce jami'ar Gilasgo, a ƙasar Ekos, arewa da Ingila. Ya zaɓi karatun likita. Malaminsa, William Cullen, ya ga yaro mai natsuwa ne, sai ya jawo shi ya zama mataimakinsa a ɗakin gwaji.

Black mutum ne mai son sikeli. Kome zai yi, sai ya auna. A 1754 ya kammala karatunsa a Edimbur. A binciken da ya yi, ya nuna cewa in an gasa alli, nauyinsa yana raguwa, domin wata iska ta fita daga cikinsa. Iskar nan tana kashe kyandir. Ita ce muke fitarwa in muna numfashi.

A 1756 ya koma Gilasgo ya zama malami. Yana koyarwa, yana kuma duba marasa lafiya. A nan ne batun zafi ya shiga ransa.

A zamanin, masana da yawa suna tsammani ma'aunin zafi yana faɗin yawan zafin da ke cikin abu. Suna kuma zato abu mai nauyi ya fi wuyar ɗumama. To, akwai wani gwaji da ya ƙi bin wannan zato. Wani likita, George Martine, ya ajiye kwalabe biyu a gaban wuta, ɗaya cike da ruwa, ɗaya cike da zaiba. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13 da ɗoriya, amma ita ta riga yin zafi, da saurin da ya kai wajen ninki biyu. Da aka janye su daga wuta, ita ta riga hucewa.

Wajen 1760 Black ya gano dalili. Kowane abu da irin cikinsa wajen shan zafi. Wani ɗan kaɗan ya ishe shi, nan da nan ya hau. Wani kuwa sai ya sha da yawa kafin ya motsa. Ruwa yana cikin masu babban ciki. Zafin da zai ɗaga kilo 1 na ruwa da digiri 1 ya isa ya ɗaga kilo 9 na ƙarfe da digiri 1. Kuma abin da ya daɗe yana sha, yakan daɗe yana amayarwa.

Duk yaron da ya taɓa zuwa bakin kogi da rana tsaka ya san haka da tafin ƙafarsa. Rana ɗaya ce ta bugi yashi da ruwa, amma yashi yana ƙuna, ruwa kuwa da sanyinsa. Da dare sai abin ya juye: yashi ya yi sanyi, ruwa yana da sauran ɗumi. A madafa ma haka ne. Man gyaɗa yakan riga ruwa yin zafi a kan murhu guda, domin wajen rabin abin da ruwa ke sha ya ishe shi. Kunu yakan daɗe bai huce ba, tun da yawancinsa ruwa ne. Direba kuma ruwa yake zuba wa mota, domin ruwa kaɗan yana kwashe zafi mai yawa daga inji.

Black ya ƙara gano cewa ƙanƙara tana shan zafi mai yawa lokacin da take narkewa, ba tare da ma'auni ya hau ba. Ya bayyana wa abokinsa James Watt irin waɗannan abubuwa. Watt makanike ne mai gyaran kayan gwaji a jami'ar, kuma shi ne ya kyautata injin tururi. Black har rance ya ba shi don ya ci gaba da aikin.

A 1766 aka ba shi kujerar malaminsa Cullen a Edimbur. Ya yi fiye da shekara 30 yana koyarwa, ɗalibai suna zuwa har daga Amurka. Abin mamaki, bai taɓa rubuta littafi kan zafi ba. Ɗalibansa ne suka yaɗa iliminsa cikin littattafansu na aji. Sai a 1803, bayan mutuwarsa, tsohon ɗalibinsa John Robison ya tattara darussansa ya buga.

Bai yi aure ba. In ya gaji, yakan busa sarewa. Ya mutu ranar 6 ga Disamba 1799, yana da shekara 71. Baransa ya same shi zaune a kujera, da kofin madara bisa gwiwarsa, ko ɗigo bai zube ba.