Tarihin Hassan Fathy, mai zanen gidajen talakawa

An haifi Hassan Fathy ne a birnin Iskandariya na ƙasar Masar a ranar 23 ga watan Maris na 1900, ya kuma kammala karatun zanen gine-gine a birnin Alƙahira a 1926.

A wancan zamani salon Turai ne ake koyarwa, inda siminti da ƙarfe da gilashi suka zama alamar ci gaba.

Shi kuwa ya shafe rayuwarsa yana sukar wannan salo. A ganinsa, gidan kankare mai faffaɗan gilashi a ƙasa mai zafi ba shi da bambanci da tanda, sannan yana tilasta wa talaka sayen kayan waje da kuɗin da ba shi da su. Ya kuma yi ƙorafin cewa tsarin ya raba mai gida da magini, ya miƙa aikin ga ɗan kwangila.

Don haka ya koma ga tubalin laka, wanda kaurin bangonsa ke tare zafin rana har zuwa dare. Ya farfaɗo da tsakar gida, da tagogin katako masu raga, da hasumiyar da ke kamo iska ta sauko da ita cikin ɗaki.

Rufi ne ya gagare shi, domin katako na da tsada. A 1941 ya je yankin Aswan, inda ya tarar da maginan Nubiya suna ɗora rufi mai lanƙwasa da ƙubba da tubali zalla, ba tare da katakon tallafi ba. Nan take ya ɗauko su aiki.

Sabuwar Gurna

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar kula da kayayyakin tarihi ta Masar ta ba shi aikin gina sabon ƙauye kusa da Luxor, domin tayar da mutane kusan dubu bakwai da ke zaune a kan kaburburan zamanin Fir'aunoni.

Ya gina masallaci da kasuwa da makarantu da dandalin wasan kwaikwayo, yana zana kowane gida bisa bukatar iyalinsa.

Sai dai akasarin mutanen sun ƙi tashi, domin abincinsu na tsohon wurin. Wasu ma sun ƙyamaci ƙubba a gidan kwana, saboda a kan kabari suka saba ganinta. Wannan babban gibi ne ga mutumin da ya ce domin talaka yake gini. Aikin ya tsaya ba a kammala ba.

Littafin da ya rubuta a kan lamarin, wanda aka sake bugawa a Amurka a 1973 da sunan Architecture for the Poor, shi ya fito da shi a idon duniya. A 1980 ya sami lambar yabo ta Aga Khan, sannan ya zana masallacin laka na Dar al-Islam a jihar New Mexico ta Amurka.

Ya rasu a Alƙahira ranar 30 ga watan Nuwamba na 1989. Daga baya ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ci tushen gidaje da dama a Sabuwar Gurna, mazauna kuma suka maye gurbin wasunsu da ginin siminti.