Tarihin Alhassan Dantata da zuriyarsa

A ranar 17 ga watan Agustan 1955 ne Allah ya yi wa Alhaji Alhassan Dantata rasuwa a birnin Kano, a lokacin da ake kallonsa a matsayin mutumin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Shi dai marigayin ya tashi ne maraya a Bebeji, wani ƙaramin gari da ke kudu maso yammacin Kano, kuma daga tsatsonsa ne aka samu attajirai irin su Aminu Dantata da Aliko Dangote.

Asalinsa

Alhassan Dantata ya fito ne daga cikin Agalawa, wata al'umma ta fatake da ta yi fice wajen safarar goro, kamar yadda Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi.

Kakansa, Baba Talatin, shi ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya sauka a Madobi ta ƙasar Kano, inda ɗansa Abdullahi ya gaji fataucin.

A wancan zamani ayarin fatake kan shafe watanni tsakanin Kano da Gwanja, a arewacin ƙasar Ghana ta yau. Sukan tafi da tufafi da fata da kanwa, su dawo da goro a kan jakuna.

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a Bebeji, wadda zango ce a kan wannan hanya, kuma a can mahaifinsa ya koma da zama.

Maraici

Yana yaro ƙarami mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, sai ta koma birnin Accra da zama, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata.

Daga sunan wannan baiwar Allah da ta raine shi ne aka samo laƙabin Ɗan Tata, wanda ya zama sunan gidan baki ɗaya.

Ya yi karatun allo, yana kuma neman abin da zai ci da guminsa, inda ya koyi tattali da tsimi tun yana ƙarami.

Da ya tasa sai ya bi ayari zuwa ƙasar Gwanja, ya gangara har Accra wajen mahaifiyarsa, ya shiga harkar goro da ƙafar dama.

Goro da gyaɗa

Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne saurin gane sauyin zamani. Yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Ghana zuwa Legas, lamarin da ya rage tsawon tafiya da asarar kaya.

Bayan da layin dogo ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga shekarar 1912, kamfanonin Turawa kuma suka shiga neman dillalan da manoma suka yarda da su.

A shekarar 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi a matsayin mai saya masa gyaɗa. Yakan bai wa yaransa jari su shiga ƙauyuka su sayo, a tara a Kano kafin jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas.

Tarin buhunan da ke jiran jirgi ne ya zama dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita.

Lokacin da bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano a 1929, an ruwaito cewa raƙuma 20 ne suka ɗauko kuɗin azurfar da ya kai ajiya.

Duk da wannan dukiya, an san shi da sauƙin kai da gudun almubazzaranci.

Zuriyarsa

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, kada kuma su bari harkar ta wargaje bayan ransa. An binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari.

Ɗansa Ahmadu ne ya ci gaba da jagorancin kamfanin Alhassan Dantata and Sons har zuwa rasuwarsa a 1960.

Sanusi ya yi suna a cinikin gyaɗa da sufuri, kuma babban jigo ne a ɗariƙar Ƙadiriyya. Ya rasu a 1997. Shi kuwa Mahmud an fi saninsa da harkar jigilar alhazai.

Aminu, wanda aka haifa a 1931, shi ya karɓi kamfanin bayan Ahmadu, ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da man fetur, ya kuma riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Audu Bako. Ya rasu a Abu Dhabi a watan Yunin 2025, aka yi jana'izarsa a Madina.

Ta ɓangaren mata kuwa, Hajiya Mariya 'yar Sanusi ce ta haifi Aliko Dangote a 1957. Bayan rasuwar mahaifinsa yana ɗan shekara takwas, Aliko ya tashi a hannun kakansa Sanusi.

A shekarar 2023 aka ƙaddamar da matatar man Dangote a Legas, garin da kakan mahaifiyarsa ya riƙa sauke goro fiye da shekara 100 da suka wuce.