Bernard Fagg: Baturen Da Ya Nuna Wa Duniya Fuskokin Nok

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, musamman mutanen Kafanchan da Kwoi, yau ga labarin wani Bature wanda aikinsa ya kai sunan ƙasarku nesa.

An haifi Bernard Fagg a Ingila cikin 1915, ya zo Jos aikin Gwamnati a 1939. A 1943 masu haƙar kuza kusa da Jama'a suka tono wani kan mutum na yumɓu. Wani akawu ya kafa shi a gonarsa ta doya don tsorata ɓarayin gona. Da aka kai wa Fagg kan nan, sai ya ga ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok tun 1928. Ya shiga bin ramukan kuza, yana roƙon leburori su daina fasa abin da suka tono. Shi ne ya laƙaba wa al'adar nan sunan Nok.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne fuskokin: ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, kitso iri iri, da tsakiyoyi a wuya. Watau tun fiye da shekara 2,000 mutanen ƙasar nan sun iya ajiye kamannin mutum, kamar yadda mai hoto ke yi yau.

A 1952 ya buɗe gidan kayan tarihi na Jos, a 1957 ya zama shugaban Ma'aikatar Kayan Tarihi ta Nijeriya. Ya bincike zanen shanu na duwatsun Birnin Kudu, ya kuma tono matoyar ƙarfe a Taruga. A 1963 ya koma Oxford, ya fitar da littafinsa mai hotunan Nok a 1977, ya rasu a 1987.

Bayan rasuwarsa, cikin shekarun 1990, 'yan sumoga suka far wa ƙasar Nok suna tono suna sayar wa Turai. Gunkin da aka sace ba a san inda ya kwanta ba, ya zama kamar hoton da ba a san mai shi ba. Saboda haka in kun je gida, ku gargaɗi yara: abin da fartanya ta tono a kai shi gidan tarihi, kada a miƙa wa dillali.