Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilimin Magani

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a shekarar 1781. Ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya rasu a Wurno a 1837. An fi tunawa da shi a fagen jihadi da mulki, alhali ya yi rubuce-rubuce da dama a kan magani. Ya bi littattafan likitocin Musulunci na dā, ya tace abin da zai amfani mutanen ƙasar nan, ya yi rubutu a kan ciwon ido da basur. Filasko kuwa, ganyen nan da har yau ake sha don wanke ciki a ƙauyukanmu, daga Mashi har Daura, littafi guda ya keɓe masa.

Katsinawa na da rabo a wannan gado. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa mai mulki nauyin kula da manoma, mahauta da masu magani, a zaunar da su a kowane gari, a kuma riƙa tanadin abinci. Da Baturen Birtaniya Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, likita na cikin abubuwan da ya nemi a aiko masa.