Tarihin Spike Milligan, Sarkin Shirmen Rediyo na Ingila

 Yau za mu kawo muku tarihin wani Bature wanda hajarsa ita ce dariya. Ya sayar da ita da araha ga duk mai akwatin rediyo, amma shi da tsada ya saro ta, gama da lafiyarsa ya biya.

Sunansa na yanka Terence Alan Milligan, amma an fi saninsa da Spike. An haife shi ran 16 ga Afrilu, 1918, a garin Ahmednagar cikin ƙasar Indiya. Ubansa mutumin Ailan ne, soja a rundunar Ingila, uwarsa kuwa Baturiyar Ingila ce. Ya yi ƙuruciyarsa a barikokin soja a Puna da Rangun ta ƙasar Bama, ƙasar nan da sojojinmu suka yi yaƙi a cikinta daga baya. A farkon shekarun 1930 iyayensa suka koma Landan, inda ya yi ƙananan ayyuka, ya kuma ƙware a busa ƙaho.

Cikin 1940 aka ɗauke shi soja, aka sa shi cikin masu igwa, ya yi yaƙi a Afirka ta Arewa da Italiya. A Afirka ta Arewa ya sadu da Harry Secombe, su biyun kuma sun sha ba da labarin gamuwarsu. Wata babbar igwa ta su Milligan ta kuɓuce, ta gangaro daga kan dutse, ta wuce dab da motar da Secombe ke ciki. Ba a jima ba sai ga Milligan ya leƙo yana cigiyar igwa, Secombe kuwa ya nemi a gaya masa launinta, sai ka ce akuya ce ta ɓace. Daga nan abota ta ƙullu har mutuwa.

A watan Janairu, 1944, aka yi masa rauni a Italiya, rugugin wuta kuma ya gigita shi har aka fid da shi daga bakin dāga. Raunin jiki ya warke, na zuciya bai taɓa warkewa sarai ba.

Bayan yaƙi shi da Secombe suka haɗu da Peter Sellers da Michael Bentine, dukansu tsofaffin soja. Ran 28 ga Mayu, 1951, gidan rediyon BBC, wanda ya buɗe sashen Hausa a 1957, ya fara watsa wasansu da sunan Crazy People, watau mahaukata. Shekara na kewayowa aka mai da sunan The Goon Show. Bentine ya fita da wuri, sauran ukun suka riƙe wasan har Janairu, 1960.

To, mene ne daɗin wasan? Milligan ya gane cewa kunne ba ya musun abin da ido zai ƙaryata. A rediyo ana iya ɗauke kurkuku ɗungum a ƙetare teku da shi, muddin an sa ƙarar da ta dace. Saboda haka ya yi ta wahal da ma'aikatan BBC da neman ƙararrakin da ba a taɓa ji ba. Mutum uku ne, amma muryoyinsu sun cika gari. Secombe shi ne Neddie Seagoon, mai saurin yarda, wanda kullum 'yan damfara ke yi wa wayo. Sellers shi ne Manjo Bloodnok, hafsa matsoraci mai kwaɗayin kuɗi, shi ne kuma yaron nan Bluebottle da nakiya ke yawan tashi da shi, mako na kewayowa ya dawo garau. Milligan kuwa shi ne Eccles, dolo mai farin ciki.

Ga misali guda. Eccles ba shi da agogo, sai wani ya rubuta masa ƙarfe takwas a takarda, ya riƙe abinsa. Duk wanda ya tambaye shi lokaci sai ya nuna masa takarda. In kuwa lokacin bai yi ba, sai ya ƙi nunawa, ya kuma ce daga takardar ya ke gane ko ya yi. Mai sauraro ya yi dariya, sa'an nan ya tuna da ma'aikacin da ya fi gaskata takarda da mutumin da ke tsaye gabansa. Wannan shi ne asirin shirmensu. Mutanen da suka ga hafsoshi suna ba da umurnin da ba shi da kai ba shi da gindi, rayuka kuma suna salwanta, su ne suka dawo suna yi wa masu iko ba'a.

Amma nauyin rubutu a kan Milligan ya ke. Kowane mako sai ya kawo sabon wasa na rabin sa'a, ko da ya ke Larry Stephens da Eric Sykes sun taimake shi. A ƙarshen 1952 hankalinsa ya gushe, aka kwantar da shi a asibiti. Ciwon ya riƙa zuwa yana komawa duk tsawon ransa, wani lokaci zumuɗi marar iyaka, wani lokaci baƙin cikin da ke hana shi fita ɗaki. Bai ɓoye ba, ya faɗa a bainar jama'a a zamanin da a ke jin kunyar irin wannan lalura, ta haka ya sauƙaƙa wa masu fama da ita.

Bayan wasan ya tsaya ya rubuta littafin Puckoon a 1963, da littattafai bakwai na tarihin zamansa na soja, na farko a 1971. Da aka ce sai ya yi rantsuwar biyayya kafin a ba shi fasfon Ingila, alhali ya yi mata yaƙi, sai ya ƙi, ya zama ɗan ƙasar Ailan a 1962. A 1972 su uku suka sāke haɗuwa suka yi wasa na ƙarshe, domin cikar BBC shekara 50.

Sellers ya mutu a 1980, Bentine a 1996, Secombe a 2001. Milligan ya bi su ran 27 ga Fabrairu, 2002, yana da shekara 83, aka binne shi a Winchelsea. Har a kan dutsen kabarinsa akwai raha da harshen Ailan, inda ya ke tuna wa mutane cewa dā ma ya gaya musu ba shi da lafiya.

To, jama'a, in kun ga mai ba ku dariya a kasuwa ko a zaure, ku riƙa tambayar lafiyarsa, gama ba kowa ya san abin da ya kwana da shi ba. Haza wasalam.