Damure Zika, Ɗan Masunta Mai Ban Dariya

Idan ana zancen wasan ban dariya a silima, mutanenmu na Damagaram sunan Ibro ne ke fara zo musu a baki. Tsofaffi kuma su tuna da Sharlo, Baturen nan mai ɗan guntun gashin baki da sanda. To amma mu ma a nan Nijar mun yi namu gwanin. Sunansa Damure Zika. Tun ba a haifi Ibro ba Damure yake sa mutane dariya, daga Yamai har birnin Paris. Yau tarihinsa za mu karanta.

An haifi Damure wajen shekarar 1923 a Yamai, bakin kogin Kwara. Iyayensa masunta ne, irin waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko, mu kuma mu ce Sarkawa. Sana'arsu su da farautar dorina, kuma an san su da sanin magani. Kakarsa Kaliya babba ce a wannan fanni, ana jin maganarta a bakin kogi. Damure ya tashi cikin ruwa kamar kifi. Ban da haka ya samu ya koyi karatu da rubutu na Faransanci. A wancan zamani masu wannan ilimi ana iya ƙirga su da yatsa. Ku riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da shi a gaba.

A shekarar 1941 wani saurayi Bafaranshe mai suna Jan Rush ya sauka Yamai. Injiniya ne, an aiko shi aikin gina hanyoyi. Lokacin ana yaƙin duniya na biyu, kuma lokacin aikin tilas ne, ana kwasar talakawa daga ƙauyuka a kai su fasa dutse. A nan ya gamu da Damure, ya ɗauke shi aiki. Cikin daminar 1942 aradu ta faɗa a wurin aikin hanya, a wani wuri da ake kira Gangel, ta kashe ma'aikata goma. Kowa ya tsorata, ba mai son taɓa gawa. Damure ne ya ba da shawara a kira kakarsa. Kaliya ta zo da mutanenta, suka yi abin da al'adarsu ta tanada, wani abu mai kama da bori. Rush yana tsaye yana kallo, baki buɗe. Daga ranar nan zuciyarsa ta bar aikin hanya ta koma ga sanin al'adun mutane. Bayan yaƙi ya dawo Nijar da na'urar ɗaukar hoto a hannu. Abotarsa da Damure kuwa ta wuce shekara 60.

A 1951 suka ɗauki fim na farautar dorina a wajen Ayoru. Damure yana ciki, da wani masunci abokinsa, Ilo Gaudel. A 1954 Rush ya koma Ayoru da fim ɗin. Aka kafa farin ƙyalle, aka tada inji, dare ya yi, masunta suka ga kansu a bango. Da aka gama, ba tafi kawai suka yi ba, gyara suka kawo. Rush ya sa kiɗa a daidai wurin farauta, su kuwa suka nuna masa ba a farautar dorina da kiɗa, shiru ake yi. Bai yi gardama ba, ya cire kiɗan. Kun ga ashe mai kallo ma yana da ta cewa, ko da bai taɓa shiga lakwal ba. A wannan zama ne Damure ya kawo shawarar su yi wani fim dabam, wanda su da kansu za su yi wasa a ciki.

Haka aka samu fim ɗin da ake kira Jaguar. Labarin 'yan cin rani ne. Samari uku suka tashi daga Ayoru za su Gwalkwas, wato Gana ta yau: Damure mai ilimi kuma mai son gayu, Ilo masunci, da Lam Ibrahim Diya, Bafillace makiyayi. Suka ratsa Dahome da Togo. Da suka iso kan iyaka ba su da takardu, 'yan duwan suka hana su wucewa. Sai suka zagaya ta bayan ofis, ta bakin teku, suka yi gaba abinsu. Ilo ya kama dako a tashar jirgin ruwa ta Akra. Lam ya shiga kasuwar Kumasi. Damure ya samu aiki wurin masu sayar da katako, kuma da yake ya iya karatu da lissafi, nan da nan aka ɗora shi kan sauran ma'aikata. Daga nan fa sai yanga. Ya sa tabarau, ya maƙala sigari, yana taku ɗai-ɗai a titi yana kallon 'yan mata. Irin wannan saurayi shi ake kira jaguwa a can, sunan wata mota mai tsada ta Ingila. A ƙarshe suka haɗu suka kafa tebur a kasuwar Kumasi, suka tara abin da suka tara, suka koma gida kafin damina. Abin da suka yi watanni suna tarawa, cikin ɗan lokaci suka rabar da shi tsaraba. Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani Kano ko Legas ya san wannan labari, don nasa ne.

Na'urar Rush ta lokacin ba ta ɗaukar murya. Saboda haka bayan shekaru aka zaunar da Damure da Lam, aka haska musu hotunan, suna kallo suna hira, suna yi wa juna ba'a, ana naɗar muryarsu. Ba wanda ya rubuta musu abin da za su faɗa. Wannan hira ita ce gishirin fim ɗin. An ɗauki hotunan tun 1954, amma sai 1967 fim ɗin ya fito.

Na biyu shi ne Petit à Petit, wato sannu-sannu, wanda ya fito a 1971. A ciki Damure ya zama attajiri mai kamfani a Ayoru. Ya ƙudura zai gina dogon bene, sai ya hau jirgin sama zuwa Paris don ya ga yadda ake zama a gidajen sama. Abin da ya yi can shi ne abin dariyar. A da, Turawa masu bincike kan zo ƙasashenmu su auna kan mutane, su duba haƙoransu, su rubuta a littafi. To Damure sai ya rama. Ya ɗauki ma'auni ya shiga titin Paris, yana tare Turawa yana auna kawunansu, yana sa su buɗe baki ya ƙirga haƙora, yana tambayar ƙabilarsu. Yana rubuto wasiƙu gida yana ba da labarin waɗannan mutane masu abin mamaki. Abokansa suka zaci ya zautu, suka aika Lam ya dawo da shi, shi ma Lam ya shantake. Wata 'yar Senegal, Safi Fay, ta fito a fim ɗin, wadda daga baya ita ma ta zama mai shirya finafinai. A ƙarshen labari Damure da Lam suka gaji da kuɗi da hayaniya, suka koma bukka a bakin kogi.

Na uku, wanda mutane da yawa suka fi so, shi ne Cocorico Monsieur Poulet na 1974. Sunan yana nufin carar zakara da mai kaji. A wurin sunan mai shiryawa sai aka rubuta Dalaru, wato farkon sunayen Damure da Lam da Rush, don su uku suka haɗa kai suka yi shi. Lam ne fatken kaji, yana da wata tsohuwar mota ƙirar Citroën, akwala, wadda ya raɗa wa suna Haƙuri. Yaron motarsa Tallu Muzuran. Damure ya bi su daji sayen kaji. Tafiyar da aka shirya ta kwana ɗaya ta zama doguwa. Mota ta mutu a gyara, ta sake mutuwa a tura. Ga wata aljana ta tare musu hanya. Ga kogi a gabansu, sai da suka ƙetare shi sau uku da mota, kowane karo da sabuwar dabara, har da kwance ta gunduwa-gunduwa. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar motar kasuwa daga Zinder zuwa Mirriya ko Magariya ba ya bukatar a fassara masa wannan dariya.

Sun ci gaba da aiki tare har tsufa. A Madame l'Eau, farkon shekarun 1990, fari ya dame su, suka tafi ƙasar Holan don su ga injinan da iska ke juyawa, ko za su jawo musu ruwan kogi zuwa gona. Kun ga dariyar Damure kullum da abin da take ɗauke da shi: cin rani, talauci, fari, rainin da Bature ke yi wa baƙar fata.

Sai dai ba kowa ya yaba ba. Sembene Usman na Senegal, babban mai shirya finafinai, ya taɓa zargin Rush da kallon 'yan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Waɗansu masu kallo suna ganin Bature ne ke riƙe da na'ura, don haka shi ke da labari, namu kuwa 'yan rakiya ne. Waɗansu suka ce a'a, a dubi Damure da kyau. Shi ya kawo shawarar Jaguar, bakinsa ne ke magana, kuma shi ya auna kan Bature a tsakiyar Paris. A nawa gani duka ɓangarorin suna da abin kamawa, amma wanda ya kalli finafinan nan uku zai yi wuya ya kira Damure ɗan rakiya.

Silima ba ita kaɗai ce sana'arsa ba. Damure ma'aikacin lafiya ne, ya haɗa sanin asibiti da maganin da ya gada. Ya buɗe wurin duba marasa lafiya a unguwar Lamorde ta Yamai, inda yakan duba talakawa kyauta. Ya kuma daɗe yana wayar da kan jama'a kan kiwon lafiya a gidan rediyon ƙasa. Sannan mutum ne mai rubutu. Idan suna tafiya yakan rubuta abin da ya gani a hanya. A 2007 aka buga wannan rubutu a Faransa, ya zama littafi.

Ranar 18 ga Fabrairu 2004 motarsu ta yi haɗari kusa da Birnin Ƙonni. Rush ya mutu yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Damure yana cikin motar, Allah ya yi da sauran kwanansa. Shi kuma ya rasu a Yamai ranar 6 ga Afrilu 2009, bayan doguwar jinya. Allah ya jiƙansa.

To ina finafinan suke? A 2005 wani kamfani a Faransa ya tattara finafinan Rush cikin akwati ɗaya na faifai, da Jaguar da Petit à Petit a ciki. A 2017, shekara 100 da haihuwar Rush, aka fitar da wani akwatin mai finafinai takwas a Amurka. A kan akwatunan sunan Rush ne da manyan baƙaƙe. Sunan Damure sai an duba ciki. Kuma maganar cikin finafinan yawancinta Faransanci ce, wanda ba ya ji sai an fassara masa. Wannan shi ne abin tunani gare mu. Kayan gidanmu ne, amma a ɗakin wani aka adana su. In ba mu karanta mun rubuta tarihin namu da harshenmu ba, jikokinmu za su san 'yan wasan Indiya da na Kano, su manta da na gida.

Damure ɗan masunta ne kamar sauran 'ya'yan masunta. Abin da ya ƙara masa shi ne karatu, da baki mai daɗi, da rashin jin tsoron kowa. Karatun nan da muke koyo yanzu, komai girman shekarunmu, irinsa ne ya riƙe a hannu.

Tambayoyi

1. Mece ce sana'ar iyayen Damure?
2. Wane gyara masuntan Ayoru suka kawo da suka kalli fim?
3. Me ya sa aka ɗora Damure kan sauran ma'aikata a Jaguar?
4. Don me yake auna kan Turawa a Paris?
5. Rubuta layi biyar a kan wani mai ban dariya da ka sani a garinku.